Har Baƙo Ya Zauna

Tarihin wasan tanis a Arewacin Afirka ya kasu kashi biyu: kafin zauren Si Munsif da bayan zauren Si Munsif. Shi da kansa, attajirin da ya gina wannan rufaffen filin wasa, ya sanar da haka da hantsin ranar buɗe gasa, kuma babu ɗan jaridar da ya musa, don shi ya kawo gahawar da suke kurɓa. Ya ce daga yau iskar teku ba za ta ƙara karkatar da ƙwallo ba, rana ba za ta ƙara shiga idon ɗan wasa ba, kuma a ƙarƙashin wannan rufi duniya za ta ga ɗan ƙasa tsaye da ƙafarsa a gaban Turawa.

Ɗan ƙasar, Wajdi, yana kwance rigingine a ɗakin sauya kaya, yana sauraron jawabin ta lasifikar bango, tsohon kocinsa Am Hedi yana naɗe masa gwiwar dama da filasta. Am Hedi ne ya koya masa riƙe raket tun yana firamare. Tun lokacin bai taɓa yaba masa ba, bai kuma taɓa rabuwa da shi ba.

"Ka ji dai, tsaye da ƙafarka," in ji tsohon, yana yanke filasta da haƙori. "Bai faɗi wacce ba. Kana da ta hagu."

Wajdi bai yi dariya ba. Shekararsa talatin da uku. Sunansa ya taɓa hawa kusa da na ɗari biyu a jadawalin duniya, na ɗan lokaci, kamar mai leƙa gidan attajiri ta ƙofar da aka manta a buɗe. Yanzu sai yatsa ya gaji da gangarawa a waya kafin a iske shi. Da a ce da cancanta kaɗai ake shiga wannan gasa, da shi ma tikiti zai saya. Gurbin alfarma aka ba shi, irin wanda masu shirya gasa ke da ikon bai wa wanda suka ga dama, aka kuma manna fuskarsa a kowane bango daga tashar jirgin ƙasa har bakin teku. Tsohon hoto ne, na zamanin da yake da gashi da gwiwa.

A wajen atisaye gwiwar ta samu matsala. Likita ya duba hoton ya ce jijiyar ta tsage amma ba ta tsinke ba. In aka ƙyale ta wata biyu za ta haɗe, in aka yi gudu a kanta kuwa, shi ba ya cikin maganar. Wata biyun nan su ne duk abin da Wajdi yake da shi. Wani kulob a kudancin Faransa ya yarda ya ɗauke shi: ya buga musu wasannin ƙungiya da bazara, sauran shekara ya koyar da 'ya'yan likitoci da lauyoyi, a ba shi gida da takardun zama. Sharaɗi ɗaya ne, likitansu ya duba shi ranar da ya sauka ya ga yana iya gudu. Ga wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙananan otal yana wanke safa a banɗaki, wannan ita ce aljannar da ake yi wa 'yan tanis alkawari. Matarsa Ulfa ta riga ta ajiye aikinta a ɗakin gwajin jini, ta kuma faɗa wa mai wurin, Dokta Najiba, duk abin da ta yi shekaru tana haɗiyewa. Rabin kayan gidansu na cikin kwalaye.

Ya je har ofishin Si Munsif a masana'antar man zaitun don ya janye. Si Munsif ya saurare shi da kai a karkace. Sannan ya tambaye shi wa ya saya masa raket ɗinsa na farko, ya ce ba don gori yake tambaya ba, ya kuma yi gorin har shayi ya huce. In Wajdi ya janye, doka ta ce gurbin zai koma hannun wani Bature daga cikin waɗanda aka fitar a wasannin share fage. Ke nan babban baƙo zai taso takanas daga Tunis, da talabijin a bayansa, ya zauna ya kalli ɗan wani yana wasa da ɗan wani.

"Ban ce ka ci ba, ɗana. Wa ke maganar ci? Ka shiga, ka ɗan buga, baƙo ya zauna, a ɗauke shi a talabijin yana maka tafi. Da ka ga Fauzi ya cire hularsa, ka ɗaga hannu ka ce gwiwa. Duniya ta san gwiwa."

Fauzi ƙanen matar Si Munsif ne kuma sakataren kulob ɗin tanis na garin, yana da jar dara da ba ya sa ta sai ranar da akwai kyamara. Wajdi ya ce akwai gyara a shirin. Ba a tsayawa a fili kamar gunki, alƙali yana hukunta wanda ba ya ƙoƙari, kuma in ya ƙi gudu, yaron da aka haɗa su zai gama da shi kafin a gama gaisawa. Fauzi ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, baƙon mutum ne mai kiyaye lokaci, duk ƙasar ta san shi da haka.

Da ya gaya wa Ulfa ba ta yi faɗa ba, ya so ma ta yi. Ta ci gaba da naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Ta ce ba za ta zo kallo ba, kuma in yana son ra'ayinta, Si Munsif ya ba da raket ɗaya ya samu mutum sukutum, kuma tunda ake harkar zaitun ba a taɓa ciniki mai kyan wannan ba.

Zauren yana warin sabon fenti. Fitilu farare a sama, daɓe shuɗi mai tauri a ƙasa. Wajdi a jar ƙasa ya tashi, inda mutum ke zamewa ya tarbi ƙwallo. A wannan daɓen kuwa ƙafa tana sauka take tsayawa cak, gwiwa ta karɓi saura. Don kada kyamara ta ga kujeru wayam, an kwaso ma'aikatan masana'anta a manyan motoci, an ba kowa tuta da burodi mai kifin gwangwani. Sun zo da ganga, don su a saninsu duk inda ake ƙwallo ana kiɗa. A tsakiyar sahun farko akwai kujera mai jan karammiski, ba kowa a kai. Fauzi yana gefenta, hula a ka, ido a waya.

Abokin karawarsa Matyas ne, ɗan ƙasar Cek mai shekara goma sha tara, dogo kamar tsani, da fuskar wanda bai taɓa tsayawa layin biza ba. Sabis ɗinsa na farko, wato bugun da ake fara wasa da shi, ya wuce Wajdi ya daki bango, ma'aikata suka kaure da tafi. Alƙali ya roƙi a yi shiru cikin harshe biyu. Wani daga can sama ya tambaya ko zaman makoki aka kawo su.

Wajdi ya bi shirin sau da ƙafa. Ƙwallon da ta zo kusa ya mayar, wadda ta yi nisa ya raka ta da ido cikin girmamawa. Ana uku da ɗaya a turmin farko, wanda sai an ci wasa shida da ratar biyu ake ɗauka, wayar Fauzi ta yi motsi. Ya miƙe, ya ɓalla maɓallin kwat, ya bi bayan Si Munsif da sauri suka fita ta ƙofar gilashi. Wajdi ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi. Baƙo ya iso. Gaisuwa, yanke ƙyalle, hoto, sai a shigo da shi. Ya bar yaron ya kwashe turmin shida da biyu, ya zauna a benci yana kallon ƙofar.

Ƙofar ba ta motsa ba.

Sai da aka kai biyu da nema a turmi na biyu sannan ya ga ramin da ya faɗa. Wasa huɗu suka rage wa yaron, kuma yaron ba ya ɓata lokaci. In aka tafi a haka, baƙo zai shigo ya tarar ana share fili. In ya ɗaga hannu yanzu, haka ɗin ne dai. Hanyar da ta rage a riƙe wasan a raye ita ce ya fara ci, kuma ba a ci a tsaye.

Ya fara da abin da ba ya buƙatar ƙafa. Ya ɗaure igiyar takalmi da ba ta kwance ba. Ya yi ta dukan ƙwallo a ƙasa kafin sabis har alƙali ya dubi agogo. Sannan ya shiga aika wa yaron ƙwallaye masu jan ciki, waɗanda ba sa tasowa sama da idon sawu, dogon mutum ya yi ta sunkuyawa kamar mai tsintar allura. In ya matso raga, sai ya ɗaga masa ita can cikin fitilu. Matyas ya saba da masu mayar masa da ƙarfi. Ya buga ɗaya a raga, ya buga wata waje, ya juya ya yi wa raket ɗinsa magana da yarensu. Biyu da biyu. Uku da uku.

Amma duk dabarar da ta tsawaita musayar ƙwallo gudu take ƙarawa. Gwiwar ta yi ɗumi, zafin ya ja baya, abin da ta saba yi in tana son yaudarar mai ita. Ma'aikata kuwa sun gano wanda ya kamata su yi wa tafi. Mai ganga ya samo kiɗan da ya dace da sunan Wajdi, wata mata daga sashen cika kwalba tana ba shi shawara da ƙarfi ya daki Baturen a ciki.

Da aka zauna hutu Am Hedi ya sunkuyo daga bayan benci.

"Ya isa haka. Kujerar ma ta ga wasa."

"Yanzu zai shigo."

"Ni ma tun ina saurayi ake ce mini yanzu zai shigo."

"Na ba mutum magana, Am Hedi."

"Ka ba matarka ma. Ita dai ba ta da masana'anta."

Wajdi ya rufe kansa da tawul har alƙali ya kira.

Ya ci turmin bakwai da biyar. Ƙwallon ƙarshe ta taɓa saman raga, ta yi ɗan tunani, ta faɗa ɓangaren yaron. Zauren ya ɗauka, alƙali ya haƙura da roƙon shiru. Wajdi ya ce wa Am Hedi don Allah ya leƙa ya ga abin da ya tsare su. Tsohon ya nufi ƙofar gilashi, mai gadi ya dubi katin da ke wuyansa ya ga kore ne, ba ruwan zinariya ba, ya ce masa masu kore ta baya suke zagayawa. Zauren babba ne, Si Munsif bai yi ƙarya a nan ba, kuma gwiwoyin Am Hedi sun girmi na Wajdi da shekara arba'in.

Wajdi ya nemi izinin banɗaki, ya tafi a hankali don lokaci ya ƙara tafiya. A ciki ya duba gwiwar. Ta kumburo ta saman filasta kamar ƙullin burodi. Ya tsaya yana dafe da bango. Zai iya komawa ya miƙa wa alƙali hannu, ya ce wa Si Munsif ya yi iyakar yinsa, kuma babu mai hankalin da zai ce bai yi ba. Amma ta cikin bango yana jin ganga tana kiran sunansa, kuma turmi ɗaya ne tsakaninsa da doke yaron da jaridu ke cewa zai yi nisa. Rabonsa da irin wannan har ya manta. Daga baya zai riƙa gaya wa kansa cika alkawari ne ya mayar da shi fili. Rabin maganar gaskiya ne.

Matyas yaro ne amma ba wawa ba ne. A lokacin hutun ya zauna ya dubi filastar da kyau. Da aka dawo ya daina neman kashe ƙwallo, ya shiga aika Wajdi dama, ya aika shi hagu, ya sake aika shi dama, cikin ladabi. Ana biyu da ɗaya ya sassauta hannu ya ajiye ƙwallo daf da raga. Wajdi ya taho da gudu daga can baya. Kansa ya san daɓe ne. Ƙafar kuwa ta yi shekara ashirin da biyar a jar ƙasa, ta miƙe za ta zame yadda aka koya mata. Takalmin ya tsaya. Jikin ya wuce.

Ƙarar ba ta da girma, kamar an ɓalle ɗanyen karas. Shi kaɗai ya ji ta, sai alƙali. Ma'aikata sun ɗauka wata dabarar ce, don sun ga ire-irenta yau, mai ganga ya ci gaba da kiɗa na ɗan lokaci. Matyas ya tsallako raga ya durƙusa kusa da shi yana ba da haƙuri da Turanci. Wajdi yana kwance yana kallon rufin da aka raba tarihi da shi. Rufi ne mai kyau. Alƙali ya sanar da sakamako cikin harshe biyu: Matyas ya wuce zagaye na gaba, shida da biyu, biyar da bakwai, biyu da ɗaya, abokin karawa ya janye.

Mutum biyu ne suka kai shi ɗakin sauya kaya. Mai tausar 'yan wasa ta yanke filastar da almakashi, ta kama ƙaurinsa ta ja a hankali, ƙaurin ya biyo ta fiye da yadda ya kamata. Ta ɗora ƙanƙara ta tafi neman sandunan dogarawa.

Am Hedi ya shigo yana haki. Ya dubi gwiwar, ya zauna a benci, ya daɗe yana goge tabarau kafin ya ba da labari. Baƙo ya zo, kuma a kan lokaci, Fauzi bai yi masa ƙazafi ba. Ya yanke ƙyalle a farfajiya, an yi hoto. Ya leƙo ta gilashi ya ce rufin yana da tsawo. Sai wani ya tuna cewa kifin da aka gasa masa a bakin tashar jiragen ruwa ba ya jira, aka ɗunguma gaba ɗaya, da 'yan talabijin, da Si Munsif, da Fauzi.

"Da hular?" in ji Wajdi.

"A kansa take."

"Tun yaushe?"

"Mai gadin waje ya ce tun ba a gama turmin farko ba."

Wayarsa ta yi ƙara a cikin jaka. Si Munsif ne, muryarsa cike da walwala, bayanta ƙarar cokula da faranti. Ya ce yanzu aka nuna masa a waya cewa ɗansa ya ƙwace turmi guda a hannun Bature, ya kuma faɗa wa baƙo, baƙo ya ji daɗi ƙwarai. Ya yaba yadda Wajdi ya san lokacin ɗaga hannu ba sai an nuna masa ba. Ya ce ya huta sosai, ranar rufe gasa ana buƙatarsa a hoto. Wajdi ya ce to, Si Munsif, na gode.

Kira na biyu daga Faransa ya zo. Sakamakon tanis ba ya kwana a hanya, kafin ɗan wasa ya cire takalmi duniya ta gani. Loran, mai kula da ƙungiyar kulob ɗin, ya ce ya ga sunansa ya yi mamaki, ai ya ɗauka yana hutawa. Ya ga kuma an rubuta ya janye. Sannan ya tambaya ko gwiwar nan ce.

Wajdi ya dubi ƙanƙarar da ke narkewa tana ɗiga a ƙasa. Zai iya cewa ciki ne, ko zazzaɓi. Hakan zai saya masa wata biyu, har ranar da likitansu zai kama ƙaurin ya ja.

"Ita ce."

Loran ya ce abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ya ce kwamiti zai zauna ya duba, za su neme shi. Wajdi ya daɗe a wannan sana'a, ya san babu kwamitin da ya taɓa tashi daga irin wannan zama.

Am Hedi ne ya kira Ulfa. Ta zo da motar yayanta ta ƙofar baya, ta inda ake sauke kwalaben ruwa. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta tura kujerar gaba har ƙarshe, suka shigar da shi baya ƙafar a miƙe, ta sa jakar raket a but. A cikin zauren an fara wasa na gaba, ɗan wani da ɗan wani, ma'aikata suna fitowa suna neman motocinsu don burodi ya ƙare.

Suka bi titin bakin teku, fuskarsa mai gashi tana wucewa a kowane bango. Ya fara yi mata bayanin turmi na biyu, yadda ya dawo daga biyu da nema, ya ji muryarsa tana ɗagawa, ya yi shiru.

"Loran ya kira?" ta ce, ido a titi.

"Ya kira."

Ta gyaɗa kai. A ƙofar asibiti ta kashe mota amma ba ta fita ba. Ta ɗauko wayarta ta riƙe a cinya, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce masa ya ɗan jira, ta fita ta rufe ƙofa, ta tsaya a jikin motar ta juya masa baya. Gilashin bai rufu duka ba. Ya ji ta gyara murya, ta sauke ta ƙasa-ƙasa, wata irin murya da bai taɓa jin ta yi wa kowa ba.

"Dokta Najiba, barka da yamma. Ulfa ce. Don Allah ko kin riga kin ɗauki wata?"